Ruwan Gishiri a Gindin Lemun Gwaggo

Duk wanda ya taɓa kiran Badamasi mai famfo aiki a Rano ya san halinsa guda: ba ya haɗa fayif sai ya tari ruwan a tafin hannu ya kai baki. Ko na wanke-wanke ne sai ya ɗanɗana ya tofar. Wasu su yi dariya, wasu su ce ƙazanta ce, shi kuwa ko a jikinsa. Masu dariyar ba su san mafarin abin ba ne, da sun sani da sun kama bakinsu.

Maraya ne Badamasi. Gwaggonsa Khadijatu, ƙanwar mahaifinsa, ita ta ɗauko shi daga Tarai yana ƙaramin yaro ta riƙe shi. A tsakar gidanta akwai bishiyar lemun tsami wadda mijinta, marigayi Malam Habu, ya dasa da hannunsa. Dokar gidan kuwa ɗaya ce, ba a zubar da ruwa a banza. Na alwala, na wankin shinkafa, na ɗaurayar kwano, duk gindin lemo ake kai su. Bayan rasuwar Malam Habu bishiyar ta zama abokiyar zaman Gwaggo. A inuwarta take salla, a nan take tsinkar zogale, kuma duk mai mura a unguwar gidanta yake aikowa a tsinko masa lemo.

Da wannan tarbiyya Badamasi ya shiga sana'a. In ya ga ruwa na bin kwata sai ka ce jininsa ne ke zuba. Wurin alwala ya gyara maka ko wurin wanki, sai ya ja fayif ya kai ruwan gindin wata bishiya, ko ba ka sa shi ba. Har Kibiya ake kiransa saboda haka, kuma yana alfahari da abin, don Badamasi ba ya rasa ɗan yabon kai.

Sai ga Alhaji Ubaidullahi, wanda ya daɗe yana aiki a Legas, ya dawo gida ya yi gini katanga ɗaya da Gwaggo. Ya aika aka kira Badamasi, ya shigar da shi falo, ya nuna masa wani akwatin gilashi mai tsawon gado, ya ce teku zai zuba a ciki. Badamasi ya zaci wasa ne, ya yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya nuna masa hotuna a waya: kifaye ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, da wasu duwatsu masu rassa wai su murjani, wai rai gare su, suna ci, in ruwa ya ɓaci su mutu. Badamasi ya saki baki. Dutse mai cin abinci! Bai gama farfaɗowa ba aka nuna masa bokitin gishiri da aka sayo takanas daga Legas, aka ce ruwan burtsatse za a tace fes, ya fi na sha tsabta, sannan a ɓata shi da gishiri da gangan. Ya yi salati a ransa, ya ce lallai duniya da faɗi.

Amma aiki aiki ne, kuma ya zauna ya tsara shi tsaf. Ruwa zai malalo daga saman gilashin ya sauka ƙaramin tanki da ke ɓoye a ƙasa, ya ratsa soso, ya bi ta injin da ke kumfa yana kwashe dauɗa, famfo ya sake tura shi sama. Ya sa fayif biyu na saukowa don in ɗaya ya toshe kada falo ya zama tafki. Ya dage a haɗa famfon da sola, tunda Alhaji ya ce in ruwan ya tsaya cak halittun sun tafi. A fahimtar Badamasi ruwan gishirin nan zagaye kawai zai riƙa yi har abada, ba ya fita ko'ina.

Injin tace ruwan burtsatsen ne ya tayar masa da hankali. Ashe kafin ya ba ka bokiti ɗaya mai kyau sai ya zubar da fiye da haka, ruwa garau, ba gishiri, ba komai. Alhaji ya ce a kai shi kwata. Kwata? A gaban Badamasi? Ya nemi izini ya huda katanga, ya ja fayif har gindin lemun Gwaggo. Ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya. Saura wani makulli da Alhaji ya ce a sa a ƙasan tankin don fitar da ruwa. Badamasi ya ɗauka na ranar tsautsayi ne, irin wanda ake shekara ba a taɓa ba, sai ya liƙa shi a jikin fayif ɗin da ke tafiya gidan Gwaggo, ya shafa gam, ya wanke hannu. Bai tambaya ba, Alhaji ma bai bi fayif ɗin ya ga inda ya nufa ba.

Daga nan ya sami aikin burtsatse a wajen Zurgu, ya daɗe can. Ran da ya dawo ya biya gaida Gwaggo, yana yin sallama ya tsaya cik a bakin zaure. Lemon ya zube. Ganye a ƙasa kamar an kakkaɓe shi da sanda, ɗan abin da ya rage a sama ya ƙone ta gefe, 'ya'yan sun yamushe a reshe. Gwaggo na zaune a tabarmarta a gindinsa, rana na dukanta, ta ƙi matsawa. Ta ce ta rasa gane kansa, ta sa taki, ta sa toka, abin sai gaba yake yi.

Ya durƙusa a gindin. Ƙasar ta yi wani fari-fari a sama. Ya dangwala ya kai harshe. Gishiri! Ya miƙe zumbur. Ya fita ba ko takalmi ya faɗa gidan Alhaji, ya tarar da shi a tsugune ya buɗe makullin nan, ruwa na tafiya shuu. Alhaji ya yi masa bayani hankali kwance, wai ai duk mako ake zubar da wani kaso na tsohon ruwan a zuba sabo, haka ƙa'idar take. Da ya ji inda ruwan ke zuwa shi ma ya dafe kai, ya rufe makullin da sauri, ya ce zai sayo wa Gwaggo dashe ko nawa take so. Badamasi ya juya ya fice. Dashen me?

Ya koma ya faɗa wa Gwaggo gaskiya, kansa a ƙasa. Ta kalli bishiyar. Sannan ta nuna masa wata 'yar hanya da aka haƙa kewaye da gindin, an gyara ta sumul.

"Ni na haƙa wannan," in ji ta. "Na ga farin, na ce magani ne ka sa. Sai na buɗa masa hanya don ya kai ko'ina a saiwar. Ruwan da ya fito daga hannunka, Badamasi, ina zan yi zaton wani abu?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaron da aka ɗauko daga Tarai.

Ya yanke fayif ɗin a ranar, ya haƙa wa ruwan gishirin rami nasa daban. Ya kwashe ƙasar gindin lemon ya zuba sabuwa, ya yi ta jido ruwan daɗi yana malalawa har damina ta sauka. Kullum sai ya kankare ɓawon reshe da farce ko zai ga kore. Bai gani ba.

Kifayen Alhaji suna nan lafiya lau, yara har layi suke yi a taga. Gwaggo kuwa ta hana a sare itacen. Har yau in ta idar da alwala takan ɗauki ɗan ruwan da ta tara a kwano, ta taka a hankali, ta juye shi a gindin busasshen lemon.