Wata Biyu Ba Ta Riƙe Alli Ba

Ɗaliban kwalejin suna kiranta Malama Saura-Kaɗan, saboda duk tsawon lissafin da ya cika allo, sai ta juyo da murmushi ta ce saura kaɗan, alhali ko rabi ba a kai ba. 'Yar kafinta ce. Tun tana ƙarama take riƙe wa mahaifinta bakin tef idan zai auna katako, kuma a nan ta saba da rabi da kwata kafin ta iya rubuta sunanta. Da ta gama jami'a ƙaninta ya yi ta roƙonta ta karɓi aikin wani kamfanin gine-gine, ita kuwa ta ce aji take so. Har yau yana tsokanarta cewa Yaya ta ga ofis mai sanyi ta zaɓi ƙura.

Shekara goma sha tara ta yi tana koyar da 'yan shekarar farko a wani dogon aji mai fanka uku, ɗaya ce kawai ke juyawa. Saurin hannu gare ta, kafin ɗalibi ya gama kuskure ta karɓe allin ta gyara. Suna sonta, suna kwafe duk abin da ta rubuta, amma ranar jarrabawa sai ta ga yawancinsu haddacewa suka yi, abin yana damunta.

Wata Litinin santsi ya kwashe ta a matakalar ɗakin karatu, hannun dama ya karye. Aka yi ɗori, aka rataye shi a wuya. Maigidanta, wanda tela ne, ya ɗinka mata majanyin rataye hannu mai aljihu, ya ce ko allin ya samu hutu daga wahalarta. Kwana huɗu ta iya zama a gida.

Da ta koma sai ta gwada rubutu da hagu. Bakwai ɗinta ta fito kamar ƙugiya, aji ya kwashe da dariya, ita ma har da hawaye. Sai ta miƙa allin ga wata matar aure da ke zama a layin baya, wadda ta dawo karatu bayan yaranta sun tasa, ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Tambayar ita ce: mutum yana da waya mita arba'in, zai kewaye lambu a jikin katanga, wane tsawo da faɗi ne zai ba shi fili mafi girma? Matar ta raba wayar gida uku daidai. Malama ta ga ba haka ba ne, hannunta ya motsa cikin majanyi, zafi ya tuna mata. Dole ta bar mata allin. Can wani dogon ɗalibi mai sana'ar walda ya ce bai yarda ba, a gwada faɗi goma, tsawo ashirin. Aka gwada, fili ya ƙaru. Wasu suka ce a gwada faɗi tara, ya ragu. Sha ɗaya ma ya ragu. Musu ya kaure, mutum shida a gaban allo. Matar ta tsaya tana kallon lambobin, sannan ta juyo.

"Malama, ashe filin hawa yake yi, ya tsaya, ya fara sauka. To yaya za a gane inda ya tsaya ba tare da an yi ta gwaji ba?"

"Zauna, 'yar'uwa," in ji Malama. "Abin da zan koya muku cikin makon nan ke nan, kin riga ni tambaya."

A gida ta hana maigidan sakat da labarin, yana taka keken ɗinki yana cewa da ya sani da tuni ya ɓoye mata allin.

Bayan wata biyu hannu ya warke, amma ba ta koma halin da ba. Yanzu takan zauna a kujerar ɗalibi ta harɗe hannuwa, ta bar su su ɓata su dawo. Matar nan ta gama da sakamako mai kyau, tana koyar da lissafi a wata sakandare, kuma kowane hutu takan turo wa Malama tambayar da ɗalibanta suka ƙure ta da ita. Ta bana ta yi wuya, Malama ta kai ta ofishin malamai, su biyar suka bar shayinsu ya huce suna gardama a kai.