Cindo a Hannun Hagu

Na yi wa matata dukan da ya kashe ɗan da ke cikinta. Da wannan na fara don kada wani ya karanta abin da ke biye ya ɗauka hanzari nake nema.

Shekarar da aka karya darajar sefa ce. Ni direba ne, ina jan wata tsohuwar bashe, motar a-kori-kura mai rumfar tamfol, tsakanin Maraɗi da Jibiya. Aiki ya yi wuya, sai na bar matata da mahaifiyata a Madarunfa, na tafi Kano tuƙin motar wani. Wata biyar na yi a can. A tsakani sau ɗaya na zo gida, gaisuwar rasuwar kawuna, kwana biyu na juya.

Da na dawo gaba ɗaya na tarar da ita da ciki. Inna ta tare ni da murna, ni kuwa na tsaya ina ƙirga watanni da yatsu. Lissafi ya faɗa daidai kan kwana biyun nan, amma zuciyata ta ce kwana biyu sun yi kaɗan. Shekara uku muna tare ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai kuma na ji a tasha cewa ɗan yayar uwarta, wani mai amalanken jaki daga Safo, yakan kawo mata itace da kara duk ranar kasuwa. Nono ɗaya suka sha. Na san haka, na ture shi gefe.

Wata rana muna jiran duwan, ma'aikatan kwastan, a bakin iyaka a Ɗan Issa, wani direba ya ce ya ji a rediyo Turawa sun gano wani gwajin jini, ADN, mai nuna uban yaro tun yana ciki. Aka yi ta dariya. Wani tsoho ya ce, “To ku masu kwanan hanya, ranar da abin nan ya iso Maraɗi sai alƙali ya ƙara kujeru.” Ni ban yi dariya ba.

Aji huɗu na yi a lakwal, ina iya karanta harafi. A katin da aka ba ni lokacin neman takardar tuƙi an rubuta jinina A ne. Da na koma gida na buɗe kwallarta, na ɗauko karnen awon cikinta, ɗan littafin da asibiti ke bayarwa. A shafin farko na ga O. Sai na yi wa kaina ilimi: jinin ɗa yana gauraye da na uwa, in da ɗana ne da takarda ta nuna A.

Na kai wa majo, babban malamin asibitin garinmu, takardun biyu. Ya duba, ya dube ni.

“Malam direba, wannan jininta ne tun ranar da aka haife ta. Ko ciki goma ta yi ba zai canza ba. Gwajin da ka ji labari ba mu da shi, ko a Yamai ban ji ana yi ba. Ka je ka saya mata hanta, jininta ya yi ƙasa.”

An faɗa mini gaskiya da rana tsaka. Na fito ina cewa rufa mata asiri yake.

Ranar kasuwa na sami mai amalanken yana kwance wa jakinsa kaya. Ya washe baki ya ce, “A’a, mijin ƙanwa, an dawo ke nan? Ina tsarabar Kano?” Ƙarfen kwance taya na hannuna. Na kai masa a ka, ya tare da hannu, na ji ƙashin ya amsa kamar an taka busasshen kara. Ya faɗi, na ƙara masa biyu a haƙarƙari. Jakin ya fizge ya watsar da tumatirin mutane. Mahauta uku suka danne ni, shi kuwa yana ƙasa, bakinsa duk jini, yana ta tambaya, “Me na yi maka? Don Allah me na yi maka?”

Na ƙwace na nufi gida kafin jandarma su zo. Inna ta tafi suna. Matata tana tsakar gida tana surfe, zani ɗaure a ƙirji. Na jefa mata karnen a cikin turmi.

“Ɗan wa ke cikin nan?”

Ta ajiye taɓarya a hankali. “Malam, lafiya? Wane irin zance ne wannan?”

“Takarda ta tona ki. Jinina A, naki O.”

“Ni ban san A ba, ban san O ba. Ɗauko Alƙur’ani in dafa.”

Ban ɗauko ba, don na san za ta dafa. Akwai tsohuwar igiyar injin mota rataye a danga, ita na fizgo. Bugun farko ya fasa mata kafaɗa. Ba ta gudu ba, nauyi ba zai bar ta ba. Ta durƙusa ta ba ni baya, ta rungume cikin da hannu biyu, tana cewa, “Bugi baya, Malam, bugi baya, bar gaban!” Na bugi bayan har igiyar ta jiƙe. Da ta ƙi ambaton sunan da nake so in ji, sai na zagaya na sa ƙafa. Takalmin roba ne a ƙafata, irin mai tauri. Sau biyu. A na biyun ta daina magana.

Maƙwabta suka keta danga suka shigo. Na kwana biyu a hannun jandarma saboda karayar mai amalanke, dangi suka shiga tsakani aka sake ni. Da hantsi na iso gida, na tarar da mata cike da tsakar gida, babu mai kallona. Matata ta haihu da asuba, wata bakwai, namiji, bai zo da rai ba.

Inna ta leƙo daga ɗakinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba don ni ne ɗan fari.

“Kai, shigo.”

Jaririn yana kwance kan faifai cikin farin ƙyalle. Ta zaro hannunsa na hagu ta ɗora a kan yatsanta. Gefen ƙaramin yatsa akwai wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake. Sannan ta kamo nawa hannun na hagu, ta juya shi, ta danna tabon da ke wurin da farcenta har na ji zafi.

“Da kaina na riƙe ka wanzami ya ɗaure naka da zare. Ubanka da nasa aka binne shi. Kai da ka iya karatu, karanta wannan.”

Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta. Bai kai nauyin tiyar gero ba.

Iyayenta suka zo da amalanke suka kwashe ta zuwa Safo. Wani ne ya ja jakin, mai shi hannunsa na ɗaure, kuma har ya mutu hannun bai ƙara miƙewa ba. Bayan arba’in na ɗauki limamin unguwarmu da ƙanen mahaifina muka tafi biko. Na durƙusa a zauren ubanta na yi kuka, na ce na ga shaida da idona, ɗana ne, na yi kuskure, a yafe mini.

Ba ta fito ba. Daga bayan zana ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, kuma ba da ni ta yi ba.

“Baba liman, ku tambaye shi. In da yaron ya zo da yatsa biyar fa?”

Liman ya juyo ya dube ni. Ƙanen mahaifina ya dube ni. Ni kuwa na san amsar: da har yau ina cewa na yi daidai.

A zauren na rubuta mata takardar sakinta, da hannun nan mai tabo na danne takardar a gwiwa. Ta yi aure a Gabi, na ji ta haifi biyar. Na aika neman gafara sau uku cikin shekarun nan, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Tambayarta dai na nan inda ta ajiye ta, ban sami abin da zan mayar mata ba.