Shekarun Duniya a Tabarmar Maman Shekinah

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur a shekarun nan ya san Maman Shekinah, ko da bai san ainihin sunanta Elizabeth ba. Ita ce mai tuwon nan da ke can saman wani dogon bene mai lif ɗin da ba ya aiki sai ya ga dama. Ɗalibai na hawa matakala suna haki suna zagin lif, amma da ƙamshin daddawa ya tare su a baranda sai su manta. Gajera ce mai kaurin hannu, kuma ba ta taɓa kallon mutum ba tare da ta ɗan runtse ido ɗaya ba. In ka yaba miyarta za ta tambaye ka me kake so. In ka yi shiru ba ka yaba ba, za ta ce wa ya zuga ka. Mijinta Levi, wanda ke koyar da lissafi a wata kwaleji mai zaman kanta, ya daɗe da saduda. Yakan ce ko gaisuwa sai matarsa ta shinshina kafin ta amsa.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. 'Yar Zonkwa ce, ta yi 'yammatancinta a Kaduna, kuma waɗanda suka san ta a lokacin sun ce da wuya ka ga bakinta a rufe don dariya. A rikicin shekara ta dubu biyu ne abin ya same ta. Suna cikin bas ita da ƙanenta Jethro, samari suka tare hanya, suka sauke kowa, suka riƙa yi wa mutane tambayar addini ɗaya bayan ɗaya suna raba su layi biyu. Ita kaɗai ta koma gida. Iyakar abin da take faɗa ke nan, in ma ta faɗa, kuma mutane kan cike sauran da kansu gwargwadon abin da ke ransu. Da Levi ya sami aiki a Malesiya bayan 'yan shekaru, ba ta ko waiwayi Kaduna ba.

Abin da ta gina a Setapak shi ne cin abincin Lahadi. Bayan an tashi daga coci sai ta buɗe ƙofa, a shimfiɗa tabarmi har bakin baranda. 'Yan Filato da 'yan Kudancin Kaduna su zo da kayan cocinsu, 'yan Kano da Katsina su zo da jallabiya da silifa, kowa ya sa hannu. Kaji daga mahautan Musulmi na kasuwar Chow Kit take saye, ta tsaya a kan mai yanka har ya gama, don kada wani ya ce ga dalilin da ya hana shi ci. Dokarta ɗaya ce: ba a zancen addini a kan tabarmarta. A yi musun ƙwallo har a shaƙe juna, wannan ba ruwanta. Tana son wannan taro fiye da yadda take nunawa, kuma kullum tana zaune da tsoron ranar da zai watse.

A shekara ta dubu biyu da takwas aka zo zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur. Aikin shugaban ba wani abin kwaɗayi ba ne. Shi ake kira in an tsare ɗalibi kan takardun zama, shi ke zaryar asibiti, shi ke tsayawa in an yi rasuwa har a kai gawa gida. Zaɓen kuma irin na gida suke yi, ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Maman Shekinah ba ta taɓa son tsarin ba, amma a baya layukan a gauraye suke fitowa, wannan ya bi ɗan kwalejinsu, wancan ya bi abokin kallon ƙwallo, sai ta haƙura.

Mutum biyu ne suka fito. Akwai Josiah, ɗan Pankshin mai karatun injiniya, wanda kan yi wa'azi a cocinsu wani lokaci, mutum marar kwana-kwana har abin ya yi yawa. Akwai kuma Zahraddeen, Bakano mai digiri na uku a kimiyyar halittu a jami'ar da ke Lembah Pantai, mai taushin murya da iya zaɓen kalma. Ita dai ta riga ta yanke Josiah za ta bi, domin da idonta ta ga yadda ya yi jinyar wani yaro Bakatsine da zazzaɓin dengi ya kwantar, ba dangin iya ba na baba.

Ana saura mako biyu zaɓe, wata Lahadi, 'yan takarar biyu suna kan tabarma, sai wata ɗaliba 'yar Kano mai suna Walida ta ajiye cokali.

"Brother Josiah, tambaya gare ni. Jiya a mamak, shagon shayin nan, na ga ana yi wa 'yan takarar Amurka ita a talabijin. Kai a wajenka, duniyar nan shekararta nawa?"

Maman Shekinah na kicin tana kwashe tuwo. Kafin ta fito ta tsawatar, Josiah ya riga ya buɗe baki.

"Cikin kwana shida Ubangiji ya yi ta. Shekarunta kuma ba su fi dubu shida da 'yan kai ba. Haka aka rubuta, haka na gaskata."

"Six thousand?" in ji wani daga baranda. "Haba engineer! Ko duwatsun Batu Caves ai sun girmi haka lah!"

Aka fashe da dariya. Dariyar ce ta tsayar da Maman Shekinah a ƙofar kicin da mara a hannu. Ta bi fuskokin da kallo, ta ga ɓangare ɗaya na tabarmar ne kawai ke yi. Ta kuma san yawancin masu dariyar nan, in ka ce musu ba daga ƙasa aka halicci Adamu ba, sai inda ƙarfinka ya ƙare. To me ya ba su dariya haka?

Kafin tsakiyar mako zancen ya gama Setapak da Wangsa Maju. Mutanen Zahraddeen na cewa wanda ya ƙi yarda da abin da bincike ya tabbatar bai dace ya shugabanci masu neman ilmi ba. Mutanen Josiah suka rama, suka ce to a je a tambayi Zahraddeen, ai su ne masu koyar da cewa kakan mutum biri ne. Ba wanda ya ƙara zancen takardun zama ko asibiti.

Ita kuwa tambayarta ɗaya ce: wa ya aiko Walida? Ba ta yarda yarinyar da ko shinkafa ba ta iya dafawa ba za ta kwana ta tashi da damuwar shekarun duniya. Da Walida ta zo karɓar tapau, wato abincin da ake ƙulla wa mutum ya tafi da shi, sai ta riƙe ledar ba ta miƙa ba.

"Zauna. Wa ya ce ki yi tambayar nan?"

"Wallahi Anti ba kowa. I was just curious."

"Curious ɗin ne ya tsallake kowa ya faɗa kan Josiah? Me ya sa ba ki tambayi Zahraddeen ba?"

"Ai shi na san amsarsa."

"Kin san amsarsa. Wato kun yi maganar ke nan."

Yarinyar ta rantse har idonta ya kawo ruwa. Maman Shekinah ta ba ta ledar, ta ƙara mata tsokar nama, amma ba ta cire ta daga zargi ba.

Shi ma Zahraddeen ta tare shi. Ta ce, "Malam, kai shekara nawa ka ba duniya?" Ya yi murmushi ya ce ai Maman Shekinah wannan magana ce mai faɗi, akwai abin da nassi ya ce, akwai abin da bincike ya nuna, kuma masana sun yi bayani ta fuskoki da dama. Ta saurare shi har ya kai aya, ba ta tsinci lamba ko ɗaya a ciki ba. Ta raya a ranta cewa wannan, ko sunansa ka tambaya sai ya duba wa ke kusa kafin ya faɗa.

Levi ma bai tsira ba, domin ya yi kuskuren cewa tambayar ba ta banza ba ce. Ya ce shi ba shekarun ne suka dame shi ba. Abin dubawa shi ne mutumin da ko me aka nuna masa ba zai motsa ba. Gobe in ya ɗauki wani ra'ayi a kan ɗalibin da aka kama, wa zai iya juya shi?

"Baban Shekinah," ta ce, "ɗan sandan da ya tsare yaro zai tambayi Josiah shekarun duniya kafin ya sake shi?"

"Ba zai tambaya ba."

"To kai wa ya zuga ka?"

Levi ya ɗauki jaridarsa ya koma baranda. Amma maganarsa ta zauna mata, don ta san Josiah da taurin kai, ta kuma san ba ƙarya Levi ya yi ba.

Ranar zaɓe aka taru da rana a zauren da ke ƙasan benen, inda 'yan unguwa ke buga badminton. Josiah ya tsaya a wannan gefen raga, Zahraddeen a wancan. Mai gudanar da zaɓe ya ce bismillah, kowa ya bi nasa.

Maman Shekinah ta nufi bayan Josiah. Roseline, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, ta matsa ta yi mata wuri. Sai ta ɗaga kai ta duba layin nasu daga farko har ƙarshe, ta duba ɗayan. Babu hula ko mayafi ɗaya a bayan Josiah, har Bakatsinen da Josiah ya yi jinyarsa yana can ɗaya gefen yana kallon ƙasa. Babu kuma ɗan coci ko ɗaya a bayan Zahraddeen. Levi da ya gama sukar Josiah a gida, ga shi nan a gabanta. An yi tambaya, an raba mutane layi biyu. Ta ji ƙaurin taya a hancinta alhali ba abin da ke ƙonewa a zauren.

Ta fita daga layin. Roseline ta riƙo zanenta tana raɗa, "Maman Shekinah, ina za ki?" Ta fizge. Ta sunkuya ta ƙarƙashin ragar, ta je ta tsaya a bayan mutumin da ba ta yarda da shi ba ko na sisin kwabo. Walida da ke gabanta ta juyo da baki buɗe.

"Juya ki kalli gabanki," in ji Maman Shekinah. "Ke kika jawo."

Ta tsaya tana jiran ko wani zai tsallaka, daga nan ko daga can. Ba wanda ya motsa. Aka ƙirga, Josiah ya ci da ɗan rinjaye.

Cikin makon nan ba wata 'yar zumunta da ta kira ta. A coci Roseline ta gaishe ta da ka kawai. Duk da haka ta dafa tukunyar Lahadi cikakkiya, ta shimfiɗa tabarmi. 'Yan Kano suka zo suna ta ladabin da ya ƙara mata zargi. Ɓangaren 'yan coci kuwa wayam, tuwonsu na hucewa a cikin kula.

Sai can da yamma Josiah ya shigo shi kaɗai. Bai zauna ba, ya bi ta kicin.

"Mama, ni ban zo cin abinci ba. Tambaya na zo yi. Ba ki gaskata abin da aka rubuta ba ne?"

"Na gaskata. Kwana shida, kamar yadda ka ce."

"To me ya kai ki bayansu? Ke da suka kashe miki ƙane?"

Ta kashe murhu. Ta goge hannu a zane, ta kalle shi da ido biyu a buɗe, abin da bai taɓa gani ba.

"Wa ya ce maka su ne? Namu ne suka tare hanyar, Josiah. Jethro ya sa kaftani da hula ran nan, ya dawo daga bikin abokinsa. Suka ce ya karanta Addu'ar Ubangiji. Ya iya ta tun yana ɗan shekara huɗu, ni na koya masa. Amma yana da in'ina, in ya tsorata kalma ba ta fita. Ina ihu ina cewa ƙanena ne, suna ce mini in koma layina."

Josiah ya dafa bango. Daga falo ana jin muryar Walida tana musu da wani kan ƙwallo.

Maman Shekinah ta ɗauki faranti ta zuba tuwo da miyar kuka, ta ɗora cinyar kaza, ta miƙa masa.

"Je ka zauna a tsakiyarsu," ta ce. "Kada ka zauna a gefe, ina kallonka."