Ƙayar Aduwa da Notin Salansa

Ni bakanike ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina gyaran babura a wata rumfa a Karaye, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri. Kakata Iya Abu, wadda ta haifi mahaifina, ita ta fara gano mini wannan ciwo, tun ina yaro a gidanmu na Gwangwan.

Da kaka, idan an gama cire gyaɗa, Iya Abu ba ta kashe murhunta bayan an ci tuwo. Sai ta tura kara biyu ko uku, ta watsa ɗanyar gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Mu tara ne a lokacin, 'ya'yan Baba da 'ya'yan ƙaninsa Baffa Idi, gida ɗaya, tukunya ɗaya, har baƙo ba ya iya gane wannan na wane ne. Ni ne kullum mai cusa hannu cikin tokar tun gyaɗa ba ta gasu ba. In na ƙone na daka tsalle, sai ta bi ni da dariya.

"Kai dai Hamisu an yi mijin kawai," in ji ta. "Cefane babu, haƙuri babu. Wa za ta zauna da kai?"

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ga wata nan tafe da ƙafarta, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce mun ba ta. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya, amma akwai ɗaya da ta zauna daram, wataƙila don ni take kallo duk lokacin da take yin ta.

Wai an yi wani makiyayi da ake kira Tashi-Mu-Je. Yana da wani farin sa da yake ji da shi fiye da duk garken. Ran nan san ya taka ƙayar aduwa, ta shige masa tsakanin kofato. Tashi-Mu-Je ya kama kan ƙayar ya fizga da ƙarfi, kan ya karye a hannunsa, guntun ya zauna a ciki. Yana nan zaune ya rasa abin yi, sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar man shanu. Ta duba ƙafar ta ce, "Yaro, abin da ya karye a ciki ba a yi masa faɗa. Ka ɗumama man nan, ka ɗiga safe da yamma har kwana uku, kana yi mata waƙa. Da kanta za ta leƙo."

Nan Iya Abu takan rage murya ta rera, mu amsa mata:

"Ƙaya, ƙaya, ba faɗa na zo ba,
Ga mai ki sha, ki ba ni hanya."

Ya yi kwana ɗaya, ya yi kwana biyu. Da safiyar na uku ya ga sauran makiyaya sun kaɗa shanu za su haye rafi, zuciyarsa ta ƙi zama. Ya zaro wuƙa ya shiga tonon ƙafar, ya yanke jijiya, sa ya gurgunce. Ba yadda aka iya sai yanka. Da mahauta suka tsaga kofaton, sai ga ƙayar ta riga ta saki, saura kamar ƙwayar gero ta fito.

Wata rana da aka zo nan, Hansai, babbar 'yar Baffa, ta ce, "Iya, da bai taɓa ƙafar ba sam, ya ƙyale ta fa?"

"Da ta ruɓe," in ji Iya Abu. "Da wanda ya tona da wanda ya share, duk gurgun sa suke samu. Haƙuri ba naɗe hannu ba ne, 'yar nan. Mai za ki riƙa zubawa." Sai ta kaɗe zaninta ta ce, "Ta naɗe tabarmarta ta tafi. Ku ma ku tashi."

Shekaru suka ja. Iya Abu ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma ba a rufa shekara ba gidan ya tsage. Baffa Idi ya sare wata ɗorawa da ke kan iyakar gonarsu bai shawarci Baba ba. Ɗorawar nan Iya Abu ce take tsince kalwarta duk shekara. Baba ya tsaya a gaban mutane ya ce masa, "Daga yau ba ni ba kai." Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Fulatan wajen dangin matarsa. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taka ƙofar wani. Mu 'ya'ya muna gaisawa a ɓoye, muna jin kunyar abin, amma ba wanda ya iya tunkarar dattijan nan biyu.

Bara, bayan an ɗauke ruwa, Hansai ta kira ni a waya ta ce jikin Baffa ya yi tsanani, idanunsa ma sun tafi. Na je Gwangwan na faɗa wa Baba. Ya nuna kusurwar zaure inda tsohon babur ɗinsa yake jingine, an lulluɓe shi da buhuna.

"Tayar mini da shi," ya ce. "A kansa zan je."

Babur ne da ya girme ni a sana'a. A kansa su biyu suke zuwa kasuwa muna yara, Baba yana tuƙi, Baffa a baya riƙe da kaji. Ya shekara bakwai ba a tayar da shi ba. Aka ɗoro mini shi a mota zuwa Karaye, na ce wa Baba gobe war haka muna Fulatan.

Na wanke tanki, na sa sabon fulogi, na buga, ya yi tari ya mutu. Da na duba sai na tarar zanzaro ya yi gida cikin salansa, wato bututun hayaƙi, ya toshe ta da laka. Dole a cire ta. Noti biyu ne suke riƙe da ita a jikin kan inji, duk tsatsa ta cinye su. Na farko ya fito yana kuka. Na biyu ya ƙi motsi. Na san ƙa'ida sarai, ni nake koya wa wasu: a jiƙa shi da mai, a bar shi ya kwana, da safe a lallaɓa shi. Amma na riga na ce gobe, ina son in gama kafin magariba. Na zura bututun ƙarfe a jikin sifana don in ƙara ƙarfi, na danna da nauyina. Sai na ji hannuna ya tafi da laushi. Duk bakanike ya san wannan laushin, kuma ba mai son sa. Kan notin ya faɗo ƙasa, guntun ya zauna cikin rami, ko abin kamawa da filaya babu.

Na zauna a kan benci. Ana iya huda guntun da injin huda a fitar da shi a ranar. Sai dai kan injin nan ƙarfe ne mai laushi, in bakin injin hudar ya goce kaɗan ya cinye ramin, shi ke nan, kuma irinsa an daina kawowa tun tuni. Na kira Baba na faɗa masa abin da na yi. Na ce ya yi haƙuri, gobe in ɗauke shi a nawa mashin ɗin.

"A'a, Hamisu," ya ce. "Idi ba ya gani. In na je a mashin ɗin wani, sai na yi sallama na faɗi sunana, kuma ban san ko zai amsa ba. Wannan kuwa ya san muryarsa. Shi zai yi mini sallamar."

A nan na gane tsoro ne yake cin mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron kowa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya ninku. Na ɗauko injin huda, har na saita bakinsa a kan guntun. Wallahi ban kira ta ba, waƙar ce ta zo da kanta, da muryar Iya Abu da ƙamshin gyaɗa a toka. Ga mai ki sha, ki ba ni hanya. Na ajiye injin.

Na kwantar da babur ɗin yadda ramin zai kalli sama. Na haɗa man birki da kananzir na ɗiga, na ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma don man ya ratsa. Safe da yamma haka. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawon waɗannan ba. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ce Hansai ce da mummunan labari. A rana ta uku maƙwabcina Malam Sabo mai walda ya zo ya ɗiga wa guntun wuta, ya liƙa masa sabon kai. Muka jira ya huce. Na sa sifana da yatsa biyu, na juya gaba kaɗan, baya kaɗan, gaba kaɗan. Ya yi wani ɗan ƙara, ya saki, ya fito baƙi ƙirin yana ɗigar da mai.

Na fitar da lakar, na mayar da salansa, babur ya tashi. Washegari na biya Gwangwan, na tuƙa, Baba yana bayana. Da muka isa ƙofar gidan a Fulatan na kai hannu zan kashe, ya dafa kafaɗata ya ce in bar shi. Babur yana ta bugawa, mu muna tsaye kamar baƙi. Can sai muka ji murya daga cikin zaure, ta tsufa, tana rawa.

"Yaya? Kai ne?"

"Ni ne, Idi."

"Ka daɗe a hanya."

"Na daɗe," in ji Baba.

Ya sauka ya shiga, ya zauna a gefen tabarmar ya kama hannun ƙaninsa. Ban ji wanda ya ambaci ɗorawa ba, a ranar ko bayanta. Baba bai koma Gwangwan ba. Shi yake ba shi kunu, shi yake juya shi. Kwana tara suka samu, Baffa Idi ya cika. Allah ya gafarta masa.

Da aka share makoki muna hanyar komawa, na ba Baba labarin yadda waƙar ta hana ni huda kan injin. Sai ya ce, "Mu ma ta yi mana ita, ni da Idi, muna yara. Kai ne mai tonawa. Ni ne wanda ya share."

Duk rayuwata na ɗauka don ni kaɗai Iya Abu take yin tatsuniyar nan. Ashe ta san gidanta, ta san irin ciwon kowa, ta bar mana magani tun kafin mu taka ƙayar. Baba ya bar tasa shekara goma sha ɗaya ba ko ɗigon mai, ni kuma dare ɗaya na kasa jira. Na sani kwana na Allah ne, ba wanda yake ƙara wa wani ko rage masa. Amma zuciya ba ta daina tuna mini cewa da na jiƙa notin nan na bar shi ya kwana, da kwana goma sha biyu suka yi tare.

Bututun nan na jefar da shi bayan rumfa. Guntun notin kuwa yana nan cikin wani gwangwani a kan teburina, nakan ɗauko shi in duba idan hannuna ya fara ƙaiƙayin gaggawa. Bai kai gaɓar yatsa ba, amma kwana uku ya ci wa Baba da ƙaninsa, kuma ni na karya shi.