Tsuntsun da Muke Kira Makashin Ice

Kakata Fanna mai bandar kifi ce a ƙauyenmu, gefen fadamar Haɗeja. Da an idar da magariba sai mu jikokinta mu kewaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, tana juya tarwaɗa tana ba mu tatsuniya. Maigida take kirana, don tsokana.

Wata rana na kawo mata wani tsuntsu, maƙwaƙwafi, da na harbo da danƙo. Makashin ice muke ce masa, don duk bishiyar da ya matsa wa sara ba ta daɗewa take bushewa.

"Maigida, cefanen ke nan?" in ji ta. "Zauna ka ji wanda ka kashe."

Ta ce wai tsutsa ce ta shige cikin wata tsamiya tana cinta a ɓoye. Tsamiya ta yi ta nishi, ba wanda ya ji sai ɗan tsuntsu mai jan kai. Ya manne a jikinta, ya tokare da jela, yana sara yana zaro tsutsa. Amma ya makara, tsamiya ta mutu. Mutane ba su ga tsutsa ba, shi suka gani.

"To, kun ji inda ya samo sunan. Mai magani ne bai zo da wuri ba."

Dariya na yi. Na riƙe sunan, na watsar da labarin.

Da na girma na dasa mangwaro a bakin kogi. Shekara da shekaru ina harbin tsuntsun nan, ina toshe ramukansa da laka, har ya daina zuwa. Yanzu tsutsa ta cinye lambun, garin ice na zubowa daga kututture kamar dusa. Maganin feshin da na sayo a kasuwar Kafin Hausa bai kai ciki ba. Bishiya shida suka rage, kuma da su nake ciyar da gidana.

Kullum ina zagaya lambun ina kasa kunne ko zan ji saran maƙwaƙwafi. Shekaranjiya na hango wani tsuntsu mai dogon baki, na ruga duk da ciwon gwiwa. Ashe alhudahuda ne da tukkunsa, yana tonon ƙasa. Maƙwabcina Malam Bukar ya ce, "Baba, wanda ka kora kake nema?"

Laifina ne. Na yarda da suna don kowa na faɗarsa, ban taɓa tsayawa na duba abin da tsuntsun ke cirowa ba. Jiya na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya na ƙwaƙule lakar da farcena. Ban sani ba ko ya rage ma a wannan fadama. Idan Allah ya kawo shi, ina roƙon ya tarar da ko bishiya ɗaya da sauran rai.