Ranar da shanun huɗa suka zuba mana dekin

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, Gombe ta rikice da gini. Duk wanda ka gamu da shi a hanya ɗan kwangila ne, ko da jiya auduga yake awo. Ni ma ina dawowa daga yawon aikin da ya kai ni Kumasi da Agadas da Jidda, aka ba ni kwangilar ginin bene mai hawa ɗaya a bakin GRA. Shi ne benena na farko.

Dekin, wato rufin kankaren da hawa na sama zai zauna a kai, dole a zuba shi yini guda. In aka tsaya ya sha iska, nan ne zai tsage ya riƙa yoyo. Simintin da na samu da kyar kuwa na zubi ɗaya ne, kuma rabin leburorina sun koma kwangilar titi.

A Jidda na ga injin da ke ɗaga kankare sama kamar wasa. A Kumasi mata ne ke hawa da kwanon sarki a ka, suna waƙa. Ba ni da ko ɗaya. Abin da ya faɗo mini shi ne rijiyoyin ƙasar Agadas, inda sa ke jan guga da igiya ta kan gungume. Na sa aka kafa turaku biyu a saman ginin, aka rataya wilin babur marar taya, aka zarga igiya, aka ɗaura rabin duro. Saura shanu.

Wani dattijo Bafulatani mai gonar auduga a bayan gari ya yarda ya kawo bijimansa biyu na huɗa. Babban birkilana Babarbare ne, saboda haka tun daga ƙofa suka fara tsokanar juna. Birkila ya tambaye shi ko shanun ne suka kawo shi neman aikin lebura. Dattijo ya ce ya ji an ce Barebari sun gaza, shi ne ya zo da waɗanda suka fi su hankali.

Aka cika duro. Dattijo ya yi wa shanunsa magana, suka taka, duro ya tashi sumul. Leburori suka kaure da shewa. Ni kuwa har na fara lissafin yadda zan koya wa duk arewa wannan dabara.

Duro ya kai sama, shanu ba su tsaya ba. San rijiya ya san tsawon igiyarsa, amma san huɗa ba ya juyawa sai ya ga iyakar gona. Duro ya daki wili, turaku suka sunkuya, kankare ya kwararo. Birkila ya yi tsalle gefe, amma sai da ya samu rabonsa tun daga hula har takalmi. Ya tsaya fari fat, ido kaɗai ke motsi. Dattijo ya zauna a ƙasa don dariya.

Ni ma na yi dariyar, amma an riga an kwaɓa kankare tuli guda yana jira a rana. Na tambayi dattijo ko zai iya tsayar da su da baki. Ya ce a tsakiyar kunyar gona ko shi ba sa ji.

“Alhaji, in kana so su juya, yi musu iyaka. Gona ba ta da iyaka, ina za su tsaya?”

Muka auna igiya da taku, muka kafa zana biyu a daidai wurin. Shanu suka taka, suka iso zana, suka yi turus, aka juye duro a sama, suka juyo da kansu cikin ƙasaita. Haka suka yini, sai ɗan hutun shan ruwa. Masu wucewa suka jingine kekuna suna kallo. Wani ma'aikacin ofis ya tuɓe kwat ya karɓi shebur, mai kunu ta ƙauro da tukunyarta gindin ginin.

Ana kiran la'asar muka zuba duro na ƙarshe, dekin ya haɗe bai sha iska ko'ina ba. Na ja dattijo ya hau ya gani. Ya daɗe yana kallon filin kankaren, sannan ya ce ƙasar ta yi laushi, sai dai bai ga abin da zai tsiro a kai ba.