Kunnen Kawu Ilu da Akwatin Malam Bitrus

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Kawu Ilu a Makarfi ya san dokar wurin: idan Kawu ya danna kaset, ko tari ba a yi. Sai ya tura hula ƙeya, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce, "Shiru! Kalangu na magana." Lasifikarsa biyu a bakin randa ya ɗora su, wai ƙasa ce ke dafa sauti. Kaset kuwa da biro yake mayar da shi baya, don zamanin soja ne, komai ya yi tsada, batir ba abin wasa ba ne. Daga Gazara har Hunkuyi, mai son sayen rediyo sai ya kawo masa ya saurara tukuna. Ba shi da mota, ba shi da sarauta. Kunnen nan shi ne abin taƙamarsa a duniya.

Ana nan sai maƙwabcinsa Malam Bitrus, malamin makaranta, ƙanensa ya dawo daga karatu a Turai, ya kawo masa na'urar faifan CD da wani ɗan baƙin akwati. Wai a tsakanin na'urar da lasifika ake haɗa shi, ya tace lambobin da ke cikin faifan, sauti ya fito tangararan. Kai jama'a! Zauren Kawu ya watse, kowa ya koma gidan Bitrus. Ni ɗan ƙanwarsa ma na je, kuma ba zan ɓoye ba, sai da ƙyashi ya kama ni.

"Har da kai, Sani?" in ji Kawu.

"Gaisuwa kawai na je, Kawu."

"Gaisuwar awa uku? Hakimi ne shi?"

Kwana huɗu yana wucewa ta ƙofar Bitrus da fartanya a kafaɗa, alhali gonarsa tana can gabas. A na biyar ya yi sallama. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi awaki, idonsa kuwa na kan akwatin. Aka sa masa waƙa.

"Yaya ka ji, Baba Ilu?"

"Ba laifi. Amma miyar ba gishiri. Randata ta fi."

Ranar Kawu ko tuwo bai ci ba.

Shi da bakinsa ya nemi a yi gwaji. Zai zauna ya fuskanci bango, a sa waƙa ɗaya sau biyu, da akwati da kuma babu, ya faɗi wacce ce wacce. Bayan la'asar mutane suka cika tsakar gidan. Aka sa ta farko, aka sa ta biyu.

"Ta farkon nan ita ce sautin gaskiya, babu akwati!" in ji Kawu. "Ta biyun kamar ana kiɗa a gwangwani."

Bitrus ya sosa kai. "Baba, ta farkon ce mai akwatin."

Wayyo, dariya har da masu riƙe ciki! Kawu ya miƙe ya kaɗe riga. "Ai akwatin nan ganina ya yi, ya gyara halinsa!"

A hanyar gida ya ja ya tsaya a bakin wata gonar rake. "Sani," ya ce, "ban ji bambanci ba. Kalangun ma da ƙyar na ji shi. Kunnen hagu ya tafi tun bara, na dama yana bin sa." Muka ci gaba da tafiya.

Daga ranar masu rediyo suka daina zuwa. Mutum ɗaya ne bai daina ba. Duk sati Bitrus zai kinkimo kayansa har zauren, ya ce, "Baba, saurara mini wannan." Kawu ya kushe faifan tas, ya kushe akwatin, fuskarsa cike da annuri.

Da Kawu ya rasu, a zaman makokinsa Bitrus ya ja ni gefe, idonsa jajur. "Gaskiyar Allah, Sani, ni ma ban taɓa jin bambancin ba. Me ya hana ni in ce masa ya ci gwajin nan?"

Allah ya ji ƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, mu ma ya yafe mana dariyar ranar. Allah ya sa ya huta. Amin.